Ƙanzon Tukunyata

Tunda maganar ta zagaya har ta kai shagon aski da wurin wankin kaya, har mai sayar da furanni ta bakin tashar jirgi ta fara rungume jakarta idan na zo wucewa, to bari a ji daga bakina. Ni ce Inocencia, wadda duk saman Manhattan ke kira Doña Chencha, kuma ban saci tukunyar kowa ba. Tawa ce. Ta uwata ce kafin ta zama tawa, kuma duk wanda ya ce ba haka ba, ya hau bene ya faɗa a gabana.

Tukunyar dalma ce, ƙatuwa, wadda yaro ɗan yaye zai yi wanka a ciki har ya yi iyo. Da zan baro garinmu Moca in taho New York, na bar takalmana na zuwa coci, na bar hoton aurena, amma ita na cika ta da kayan sawata, na ɗaure murfin da igiya. Ita ce akwatina. Ma'aikacin filin jirgi ya dube ta ya dube ni, ya buga hatimi.

A kamfanin ɗinki na haɗu da Casilda. Kekenta na kusa da nawa, ita tana sa wuyan riga, ni ina sa hannu, muna zagin shugaban aiki da yarenmu yana mana murmushi. Da kamfanin ya rufe, sai ta kama wani siririn shago a bayan Broadway, tebur huɗu da kantar karɓar kuɗi, ta ce abinci za ta sayar. Tana da murhu, tana da hannu mai daɗi, amma tukwanenta duk na wasan yara ne. Na kai mata tawa. Ta shafa cikin tukunyar ta ce, "Chencha, saman na masu saye ne, ƙasan naki ne, har ranar da za ki daina tauna."

Ba mu rubuta ba. Ni ban yi makaranta ba, ita kuma ta yi aji biyu ta gudu. Amma magana ce, kuma na riƙe ta. Shi ya sa da haƙorana suka fara zubewa ban tsaya wasa ba, na je aka yi mini na roba, sama da ƙasa. Ba don kwalliya ba, wa zan yi wa? Don kada wani ya ce na daina tauna.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake dafa shinkafa ya san abin da nake nufi. Idan an kwashe farar ta sama, akwai wadda ta kwanta a ƙasa ta sha mai da wuta, ta yi ja kamar zuma, tana ƙaras-ƙaras. A kankaro ta, a zuba mata romon wake ta ɗan jiƙa, rabi taushi rabi ƙarfi. Tukunya ɗaya, ƙanzo ɗaya, ba ƙari. Ba a rubuta shi a allo, ba a sa masa kuɗi, kuma ba a roƙonsa. Wanda ya buɗe baki ya tambaya ya nuna ke nan bai cancanta ba. Kullum bayan azahar ina zaune a teburin da ke jikin bango, a kawo mini farantina, in gutsura wa wanda na ga dama: direban bas idan fuskarsa ta nuna an ɓata masa rai, mai juna biyu idan idonta ya tsaya a kai, sai kuma Odette.

Odette 'yar Haiti ce, ta yi aikin jinyar tsofaffi har ita ma ta tsufa. A can gida ƙasarsu da tamu maƙwabta ne amma ba sa ga maciji, a nan kuwa benenmu ɗaya, kuma ita ce ke karanta mini duk takardar da ta zo. Tana cewa a wurinsu ƙanzo ya fi namu daɗi. Ƙarya take, amma ba ta taɓa mayar da nawa ba.

Da Casilda ta rasu, ɗanta Nicanor ya karɓi shagon. Ni na riƙe shi a gaban fadan coci ranar da aka yi masa baftisma, ya yi mini fitsari a farar rigata, na zama Madrina, wato uwar baftismarsa. Tun da ya iya magana bai taɓa ganina bai ce, "A sa mini albarka, Madrina," ba, ni kuma in ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Yau ga shi da tumbi da sanƙo da 'ya'ya a jami'a, amma ko yana tsakiyar faɗa da mai kawo nama, idan na shigo sai ya tsaya ya nemi albarka. Uwarsa ta yi tarbiyya, wannan ba zan hana ta ba.

Sai ga yarinya mai ruwan ɗorawar lema.

Kendall sunanta, doguwa, haƙora kamar an jera farar shinkafa. Daga wata jiha ta zo inda aka ce babu komai sai masara da sama. Shekararta uku a garin nan, amma wai ita ce ke koya wa baƙi yadda za su ci abinci kamar 'yan gari. Tana ɗaga lema ko ba ruwa, su kuma suna binta a baya kamar 'yan tsaki, kowa da waya a hannu. Su sha shayi wurin Bayamale, su ci taco wurin matar Meziko ta bakin titi, su ɗanɗani shinkafa da kifi ta 'yan Senegal, su leƙa wurin Bakoriye, sannan su faɗo mana.

Wai kamar 'yan gari! Ɗan garin nan a tsaye yake ci, ko a guje, ko a cikin jirgi yana kare abincinsa da gwiwar hannu. Wane ɗan gari ne zai ci abinci a shago biyar a yini ɗaya? Sai akuya.

Da farko ban damu ba. Su ci agadensu da kaza su tafi. Sai wata Asabar yarinyar ta tsaya a kaina ina tsakiyar ci, ta karkata kai tana saurare.

"Kai! Mene ne wannan mai ƙara?"

Turancina na shiga bas ne da zagin mai gidan haya, amma na gane. Na ci gaba da tauna ina kallon bango. Nicanor ne, bakinsa ba ya rufuwa, ya taho yana goge hannu yana bayani, har da nuna mata tukunyar. Na ga idonta ya yi haske. Tun a lokacin jikina ya ba ni.

Sati bai zagayo ba na shigo na zauna, aka ajiye mini faranti. Farar shinkafa. Fara fat, kamar ta asibiti.

Nicanor ya leƙo daga bayan kanta. "A sa mini albarka, Madrina."

"Ina ƙanzona?"

"Madrina, yau dai... kin ga baƙi sun yi yawa."

"Ban tambaye ka baƙi ba. Ina ƙanzona?"

Odette ta taɓa ni, ta nuna allon da ke saman kanta da leɓe. Ta sa tabarau ta karanta a hankali, don ta san ranta ne zai yi daɗi: "Sirrin 'yan unguwa. Ƙanzon tsohuwar tukunya." Ta cire tabarau. "Chencha, ya fi rabin kaza tsada."

Na juya. Ga su nan a tebur uku, kowa da ɗan gutsure a tsakiyar babban faranti, an ɗora masa wani ganye a kai kamar gawa. A bushe suke ci, ba romo. Da wuƙa da cokali mai yatsu! Wani mai gajeren wando ya danna wuƙa, gutsuren ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin matarsa, suka kwashe da dariya suka ɗauki hoton kofin.

"Nicanor," na ce, "uwarka ta ce har in daina tauna." Na ciro haƙorana na sama na ɗaga masa. "Ka ga sun lalace?"

"Madrina, don Allah mayar, mutane na kallo."

"Su kalla. Ba kallo suka biya ba?"

Ya sunkuyo ya rage murya. "Gobe zan ajiye miki, na rantse. Albarka, Madrina."

Na mayar da haƙorana, na ɗauki jakata, na fita. Ban amsa ba. Na ji shagon ya yi tsit a bayana, har mai wanke-wanke ya kashe famfo. Tunda aka haifi yaron nan ba a taɓa yin haka ba.

Washegari ya ajiye mini, wai. Faranti ya zo da abu zagayayye, ja, gefensa a daidaice kamar an yanka da almakashi. Na ƙwanƙwasa da cokali. Na shinshina.

"A kasko ka yi wannan."

"Madrina, shinkafa ɗaya ce, mai ɗaya ne..."

"Ka ɗebi dafaffiyar shinkafa ka danne ta a kasko ka soya. Wannan ba ƙanzo ba ne, shinkafa ce da aka zalunta. Kai wa baƙinka."

"Su na tukunyar suke so. Kendall ta ce sai an kankaro a gabansu, don hoto."

Wato na gaske na masu lema ne, na jabu na matar da ta ɗauko tukunyar daga Moca.

Na je wurin fada. Ya saurare ni da kyau, ya ce in yi haƙuri in yafe, wai Ubangiji ma ya ciyar da baƙi. Na ce, "Fada, da nasa ya ciyar, ba da na uwar baftismarsa ba." Na kira 'yata a New Jersey, ta ce, "Mama, a kan ƙonanniyar shinkafa kike ta da hawan jininki?" Na kashe wayar. Wannan yarinyar a tukunyar lantarki take dafa shinkafa, wadda ba ta kamu, me ta sani?

Ranar Asabar na sa rigata mai kyau, na naɗe tawul na sa a jaka, na ƙwanƙwasa wa Odette.

"Ina za mu?"

"Ɗauko kayana."

"Za a kama mu?"

"Ke za a kama, ni tsohuwa ce."

"Na girme ki da shekara biyu, marar kunya," ta ce, tana neman takalminta.

Mun isa daidai lokacin da Nicanor ya fito da tukunyar ya ɗora a kan kanta. An kwashe farar, ƙanzon na kwance a ƙasa cikakke, ƙamshi ya cika shago. Baƙi sun yi da'ira, wayoyi a sama. Kendall na bayani da hannu biyu. Nicanor ya ɗaga babban cokali zai fara kankara.

"Ajiye cokalin nan."

Ya juyo, fuskarsa ta yi fari. "Albarka, Madri..."

"Matsa."

Na yi gammo da tawul na ɗora a kai. Odette ta kama kunne ɗaya da gefen siket ɗinta, na kama ɗaya, muka ɗaga. Rabona da ɗaukar kaya a ka tun ina budurwa ina ɗebo ruwa a rafi, amma wuya ba ya mantuwa. Gwiwa ce ke mantuwa. Ta yi ƙara, na ce mata ta yi shiru.

Ku san abin da baƙin suka yi? Tafi! Sun ɗauka cikin shirin ne. Wata ta ce in ɗan juyo wajen haske. Kendall ta tsaya baki buɗe, lemarta ta karkace. Mai wanke-wanke, wani sabon zuwa da bai san komai ba, shi ne ya fito bakin ƙofa yana ihu, "Ta tafi da tukunya! Ta tafi da tukunya!" Daga bakinsa maganar sata ta fito, kuma ina nan ina jiran ya zo ya ba ni haƙuri.

Haka na bi Broadway, tukunya a ka, Odette a gaba tana buɗe hanya da jakarta. 'Yan domino na bakin shagon aski suka daina wasa. Wani direban tasi ya yi mini hon, ya ɗaga babban yatsa. A matattakalar gidanmu muka zauna muka kankare shi tas, da romon waken da Odette ta sauko da shi. Ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

"To yanzu fa?" in ji Odette tana lasar cokali.

"Yanzu ni zan riƙa dafawa. Ba hannu gare ni ba?"

Hawa na biyar nake, kuma lifta ta mutu tun zamanin wani shugaban ƙasa. Da ƙyar muka kai ta. Da na ɗora a murhuna sai ta rufe kawunan wutar huɗu gaba ɗaya, har ta taɓa bango. Na auna shinkafa kofi biyu, daidai cikina, na zuba. Ta bazu a ƙasa kamar an watsa wa tattabaru. Na rufe na je ban ruwan shukokina.

Abin jin hayaƙin nan da ke manne a silin ne ya fara ihu. Kafin in samo tsintsiya in buge shi, na maƙwabta ya ɗauka, na bene duka suka ɗauka. Sai jiniya. 'Yan kwana-kwana suka hawo da gatari, manya-manya kamar ƙofofi, suka tarar da ni ina fifita hayaƙi da murfi. Babbansu ya leƙa tukunyar, ya dubi ɗakina, ya ce, "Mama, mutum nawa ne a gidan nan?"

"Ni kaɗai."

Ya sake leƙawa. Sai ya buɗe mini taga.

Laifin murhun ne, na faɗa wa Odette. Ta ce, "Laifin shinkafar ne. Ƙanzo sai da nauyi a kansa. Cika ta."

Na sayo babban buhu, Odette na ja ina turawa har sama. Na cika tukunyar yadda Casilda ke yi. Ya fito, ba laifi. Bai kai na shago ba, amma ya yi ƙara a baki. Sai dai kafin in kai gare shi, ga dutsen farar shinkafa da zai ciyar da mutum arba'in, kuma ni ba a haife ni in zubar da abinci ba.

Na bi ƙofa-ƙofa. 'Yan Bangladesh na hawa na huɗu suka karɓa da murna, har suka aiko mini da miyar da ta sa na yi kuka da hanci. Tsohon Barashe na ƙasa ya karɓa ya sumbaci hannuna. 'Yan Ekwado, ɗaliban da ke kwana su shida a ɗaki ɗaya, mai gadin gida, kowa ya samu. Kashegari ma haka. Zuwa ƙarshen sati, idan na ƙwanƙwasa sai in ji an rage ƙarar talabijin. Matar Bangladesh ta buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa a maƙale, ta ce, "Anti, don Allah. Firjinmu ba ya rufuwa." Barashen ya koma bi ta tsanin ƙarfe na bayan benen.

Na zauna a kicin ina kallon tukunyata, ita ma tana kallona. Tana son baki arba'in a samanta kafin ta ba ni nawa. Ba zan ce na yi kewar shagon ba. Kujerar can dai ta fi dacewa da bayana, shi ke nan.

Labarin can kuwa Odette ke kawo mini, don ita ba ta daina zuwa ba, munafuka. Nicanor ya sayo sabuwar tukunya mai ƙyalli, irin wadda ba abin da ke kama ta. Shinkafa ta fito fara har ƙasa. Ya sayo wata, ita kuma ta kama kamar siminti, har cokali ya lanƙwashe. Ba wannan kaɗai ba: firjin nama ya mutu, hukuma ta ja motarsa, ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi sau uku a jere, sannan wani ƙurji ya fito masa a inda ba ya iya zama.

"Ya ce tun ranar da kika hana shi albarka ne," in ji Odette.

"Ni ban yi masa baki ba. Shiru kawai na yi."

"Shirunki ya fi bakin wasu."

Ranar Lahadi bayan coci na ji ana hawowa a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Na buɗe, ga shi, hula a hannu, gumi har wuya.

"A sa mini albarka, Madrina."

"Shigo ka zauna."

"Gara in tsaya."

Odette, da ta riga ta shigo don kada a ba ta labari, ta toshe baki da hannu.

"Madrina, na yi kuskure. Amma ki ji. Mai gida ya ƙara kuɗin haya. Shagon Bayamale na kusa da mu saura kaɗan ya koma wurin sayar da waya. In ba don baƙin Kendall ba, da na rufe tun hunturu. In na kore su, babu shago. In babu shago..." Ya dubi tukunyar, ya dubi robobin shinkafar da ke jere a kan teburina, a kan kujera, a kan talabijin. Ya yi wayo bai ƙarasa ba.

"Wa ya ce ka kore su?"

"To ai..."

"Baki nawa take kawowa?"

"Goma sha biyu, wani lokaci sha biyar."

"Baki sha biyar, kana ba su ɗan gutsure da ganye a kai! Kai wane irin ɗan kasuwa ne? Suna so su ci kamar 'yan unguwa? To ɗan unguwa farar shinkafa yake ci, faranti cike, da wake da nama, a zaune, ya cinye. Haka direban bas ya yi shekara da shekaru kafin in gutsura masa. Su ci saman. Da yawansu, da saurin kaiwa ƙasa."

"Kendall za ta ce..."

"Kendall ta riƙe ka a gaban fada? Ka yi wa Kendall fitsari a riga?"

"A'a, Madrina."

"Ka goge abin nan daga allo. Odette za ta duba, kada ka ga ban iya karatu ba. Kaskonka kuma ka soya ƙwai da shi. Sannan tukunyar nan, yadda ta zo haka za ta koma. A ka. Ta Broadway. Da rana."

"Madrina, ina da mota..."

"An ja ta," in ji Odette.

Ya ɗauka. Ni na yi masa gammon da hannuna. Sanƙo ba ya riƙe kaya, sai santsi take, yana tafe yana tangaɗi kamar ɗan maye, hannu biyu a sama, mu biyu a bayansa. A bakin shagon aski na sa ya tsaya ya faɗa da ƙarfi tukunyar wace ce. Ya faɗa. 'Yan domino suka ce ba su ji ba, ya sake.

A ƙofar shago ya sauke, yana haki. "Albarka, Madrina?"

"Sai na ga faranti."

Kashegari bayan azahar faranti ya zo. Na ƙwanƙwasa, na shinshina, na zuba romo, na kai baki. Duk shagon ana jira, shi kuma yana tsaye yana murɗa tawul. Na tauna a hankali, don kada ya ɗauka abin da sauƙi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ƙaton mutum, sai ga shi yana share ido da tawul ɗin goge tebur. Odette ta ce ƙurjin ya fashe a daren. Ni ban tambaya ba.

Kendall ta yi fushi na kwana biyu, sannan ta gano abin da ban yi tsammani ba. Yanzu idan ta kawo su, sai ta rage murya ta nuna teburina da lema ta ce, wancan ba na sayarwa ba ne, ba a tambaya, ba kuma za ku samu ba. Wai abin ya fi burge su! Sai su yi ta cin farar shinkafarsu suna leƙena kamar masu kallon zaki yana cin nama. Na juya kujerata ina fuskantar bango, su ɗauki hoton ƙeyata.

Satin da ya wuce ne aka zo da wata tsohuwa a cikinsu, 'yar ƙarama, Bakoriya, ɗanta ya kawo ta daga California. Ba waya a hannunta. Ba ta kula bayanin Kendall ba. Amma da Nicanor ya fara kankara a kicin, ƙurrr, ƙurrr, sai na ga ta ajiye cokali, ta rufe ido, kanta ya karkata wajen ƙarar. Da aka wuce da farantina ta gabanta ba ta bi shi da kallo ba. Hannunta ta kalla.

Na yi kamar ban gani ba. Na kasa. Na gutsuro, na gefe ba na tsakiya ba, ban haukace ba, na sa a ƙaramin faranti na tura mata. Ta miƙe ta sunkuya mini har sau biyu. Na miƙa mata kwanon romo.

Ta girgiza kai. Ta ɗauki kofin ruwan zafin da aka kawo mata na shayi, ta jefa ƙanzona a ciki. A ruwan zafi! Ta jira ya jiƙe, ta sha da cokali kamar kunu, tana lumshe ido, har ta ɗaga kofin ta shanye.

"Odette, kin ga abin da matar nan ta yi wa ƙanzona?"

"Na gani. Ta ma fi ki jin daɗinsa."

Na ce wa ɗan nata ya gaya mata idan ta sake zuwa garin nan ta dawo, in koya mata yadda ake ci. Ya faɗa mata, ta amsa, ya yi dariya ya ce wai ita ma abin da ta ce ke nan.

To, kun dai ji. Tukunyar tana kan wuta, sama nasu, ƙasa nawa. Saura mai wanke-wanke da mai furanni. Teburina na jikin bango, kowa ya san lokacin da nake zama. Su zo su ba ni haƙuri, kuma kada wanda ya kalli farantina.